Tagogi takwas a laburare, amma yara na fita gindin darbejiya su yi karatu

Ɗalibin_Zane:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina aji uku a sashen zanen gine-gine. An ba mu aikin hutu, kowa ya nemi laburare ɗaya a yankinsu ya duba yadda hasken rana ke shiga cikinsa, ya auna, ya zana, ya kawo shawara. Ni na ɗauki na wata sakandare a wani ƙauye bayan Ringim, inda na yi karatu. Ɗaki ne guda, faɗi mita 7, tsawo mita 12, rufin kwano da silin. Tagogi huɗu a gabas, huɗu a yamma, duk na ƙarfe masu marfi biyu, babu gilashi. Kwana uku ina zuwa ina aunawa da manhajar waya. Ƙarfe tara na safe teburin da ke jikin tagar gabas ya haura laks (ma'aunin ƙarfin haske) 20,000, amma tsakiyar ɗaki bai kai 200 ba. In aka rufe tagogin saboda rana sai ya faɗi ƙasa da 30. A aji kuwa an ce mana karatu na son laks 300 zuwa 500. Abin da ya fi ɗaure min kai, yaran ba sa zama a ciki, aron littafi suke yi su fita gindin darbejiya. To in ba da shawarar a ƙara girman tagogi ne, ko a sa kwanon roba mai haske a rufi?

Baba_Magini_Gaya:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ji maganar wanda ya ƙone hannu, kada ka kuskura ka rubuta kwanon roba. Na taɓa sa wa wata Islamiyya guda shida, mai aikin ne ya nace. Watan farko kowa na sa albarka. Da bazara ta kama, ajin ya koma tanderu, yaran da ke ƙarƙashinsa sai jan tabarma suke suna gudun rana kamar a tsakar gida. Bai shekara uku ba ya dafe ya tsattsage, damina ta zo yana yoyo. Ni na sa, ni na koma na cire.

Sani_Sola:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Fanel biyu, batir ɗaya, ƙwai shida, magana ta ƙare.

Akitek_Dutse:
Sani, kai dai ko maganar ciwon haƙori aka kawo sai ka ce a sa sola. Ɗalibi, kafin a je ga shawara akwai abin da bai hau ba a lissafinka. Hasken taga yana shiga ɗaki kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin kan tagar daga ƙasa. In kan tagarku ya kai mita 2, haske mai amfani zai kai mita 4 ko 5. Ɗakinku mita 7 ne kuma da taga ta ɓangare biyu, ai bai kamata tsakiya ta yi duhu ba. Ko dai wani abu na tare hasken, ko bangon ya dafe, ko ba duka tagogin ake buɗewa ba. Ka faɗa mana me ke cikin ɗakin, a ina yake.

Sannan babban laifin ba ƙanƙantar taga ba ne, inda ta kalla ne. Gabas da yamma su ne mafi wuyar sha'ani a ƙasarmu, domin safe da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, tana shigowa a kwance, babu rumfar da za ta tare ta. Ido kuma ba ya jure a haɗa masa 20,000 a gefe ɗaya da 200 a ɗaya gefen. Ƙwayar idon tana tsukewa saboda ƙyallin, sai tsakiyar ɗakin ta ƙara yi maka duhu fiye da yadda take. In ka ƙara girman taga a gabas, ƙyallin ka ƙara, da zafi.

Uwar_Littafi:
Ni shekara goma sha ɗaya ina riƙe da laburaren makarantar 'yan mata a ɓangaren Bichi. Ku masu zane kuna maganar taga kamar a buɗe take kullum. Daga Disamba zuwa Fabrairu in na buɗe tagogin gabas na awa biyu, sai in rubuta sunana da yatsa a kan tebur. Ƙurar nan ba a saman littafi take tsayawa ba, har tsakanin shafuka take shiga. Ga rana: akwai layin littattafan lissafi da suka shekara biyu a jikin tagar yamma, bayansu ja ne da aka kawo su, yanzu launin ƙasa-ƙasa ne, takardar ta yi rawaya, kana lanƙwasa ta ta karye. Ga kuma abin da ba a so a faɗa, taga a buɗe a tsayin ƙugu hanya ce ta miƙa wa ƙawa littafi ta waje. Shi ya sa nake rufewa. Na fi son a ce da ni ɗakin ya yi duhu da a ce littafi ya ɓata, tunda ni za a tuhuma.

Ɗan_Kazaure:
Maganin dai a mayar da tagogin arewa. Bangon arewa rana ba ta taɓa shi har abada, haka muka karanta.

Akitek_Dutse:
Ɗan Kazaure, abin da ka karanta gaskiya ne, amma a Ingila, can ɗin ma da tsakar rana. Mu muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Rana tana tsayawa daidai tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen 20 ga Agusta. Tsakanin waɗannan biyun tana karkata ne ta arewa da mu. Ka fita da azahar a watan Yuni ka dubi inuwarka, kudu za ta faɗi. Sai dai a lokacin ranar tana sama sosai, kusan digiri 78 daga ƙasa, don haka ɗan bakin rufi ma ya isa ya kare bangon. Kudu ce ke son kulawa: a Disamba da tsakar rana ba ta wuce digiri 55, tagar da tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi tana son baranda ko rumfar da ta fito kamar mita ɗaya. Har yanzu arewa da kudu sun fi gabas da yamma nesa ba kusa ba, amma a daina cewa har abada.

Ɗan_Kazaure:
Na karɓi gyara ranka ya daɗe. Wallahi da wannan amsar na ci jarrabawa, malamin ma bai ce komai ba.

Gardi_Mai_Allo:
Allah ya gafarta malamai, ni ban yi boko mai zurfi ba amma zan sa baki. Yaran da suka fita gindin darbejiya ba wauta suka yi ba. Mu a tsangaya babu wanda ke karatu a cikin ɗaki da rana. Asuba a gaban wutar kara, hantsi a inuwa, masu son nutsuwa su tafi kiskadi bayan gari su nemi bishiya. Hasken gindin bishiya ba ya zuwa ta gefe ɗaya, ta ko'ina yake zuwa, ganye ya riga ya tace shi, ga iska. Kuma ku lura, allo ba ya kashe ido ko a rana, amma farar takarda in rana ta dake ta sai ka ga baƙaƙen suna rawa. Da ni ne kai ɗalibi, da na auna gindin bishiyar nan ma, tunda can masu karatun suka zaɓa.

Ɗalibin_Zane:
Alaramma ka ba ni kunya, ko kaɗan ban yi tunanin auna wajen ba. Gobe in sha Allahu. Yallaɓai Akitek, akwai kantocin littattafai guda biyu dogaye, na katako, sun fi ni tsayi. An jera su ne a tsawon ɗakin, ɗaya na bin tagogin gabas ɗaya na bin na yamma, da ɗan lungu tsakaninsu da bango inda aka sa ƙananan tebura. Babban teburin karatu na tsakiya. Bango kuma shuɗi ne mai duhu daga ƙasa zuwa kafaɗa, silin ɗin ya yi dabbare-dabbare da yoyo.

Akitek_Dutse:
To ka gani. Kun gina katanga biyu a cikin ɗaki kun saka masu karatu a rijiya. Kanta ana jera ta ne ta ba wa taga gefe, haske ya bi ta tsakanin layuka. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, shuɗi mai duhu shanye yawancinsa yake.

Baba_Magini_Gaya:
Shuɗin nan ɗan kwangila ke so saboda ba ya nuna dattin hannun yara. Da farar ƙasa iyayenmu ke shafe ɗaki, kuma sun san abin da suke yi.

Zannah_Tarihi:
Wannan ya kawo mu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Me ya sa ɗalibi a ƙasar Hausa zai yi shekara uku yana koyon haske bai taɓa shiga soro da tef a hannu ba? Ku shiga Gidan Makama a Kano, ko Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19. Bango mai kauri, 'yar taga can sama kusa da azara, haske ya shigo ya bugi kaurin bangon ya yi laushi kafin ya sauko. Babu ƙyalli, babu zafi. Mun bar wannan mun koma bulo inci shida da tagar ƙarfe, yanzu muna tambayar manhaja ta gaya mana dalilin da ya sa ɗaki ba ya zaunuwa.

Injiniya_Hadeja:
Zannah, a rage son zuciya. Na tashi a soro, kakata sai ta fito ƙofar ɗaki take zura zare a allura. Soro an yi shi ne don barci da sanyi da sutura, ba don yaro ya karanta ƙananan baƙaƙen littafin kimiyya na awa uku ba. Ka shiga da ma'auni ka gani ko za ka samu laks 50 a tsakiya. A ɗauki darasin tagar sama da kaurin bango, na yarda. Amma a ce soro ya warware maganar laburare, a'a.

Zannah_Tarihi:
Ban ce a kwafa ba Injiniya, cewa na yi a auna. Kai ma yanzu ka ce ko za a samu 50, ka ga hasashe kake yi, domin babu wanda ya tura ka ka auna lokacin da kake ɗalibi.

Hajiya_Mai_Zane:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, kuma akwai wanda ya haɗa maganarku a gini ɗaya. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ƙasa mai rana da ƙura irin tamu. Ya gina wa ƙauyensu firamare da tubalin ƙasa a 2001, rufin kwanon ya ɗaga shi sama da silin don iska ta ratsa. Da ya zo kan laburaren makarantar, tukwanen ƙasa mutanen gari suka kawo, aka yanke su aka jera a cikin rufin kankare, suka zama ƙofofin haske da na fitar zafi, sannan aka ɗora wani rufin a sama. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ina faɗa wa ɗalibaina, tukunyar nan ba ta fi wadda ake sayarwa a kasuwar Wudil ba.

Amma ina ja musu kunne kan kwafar hoto. Kowa na son laburaren da Alvar Aalto ɗan Finland ya zana a garin Viipuri, na 1935, mai zagayayyun ramukan haske a rufi. Garin yana wajen digiri 60 ne arewa, rana ba ta taɓa haura digiri 53 a can, shi ya sa zurfin ramin ya isa ya hana ta faɗowa kan littafi. Kawo wannan ramin Jahun a watan Afrilu, rana za ta leƙo ta cikinsa tsaye kamar guga a rijiya. Wanda ya fi kusa da matsalar ɗalibinmu shi ne na Louis Kahn a Exeter ta Amurka, 1971: littattafai a ciki inda rana ba ta kai musu, masu karatu a gefe kusa da taga, kowane da ɗan marfin katako da zai ja in hasken ya dame shi. A gida kuma ga laburaren Kenneth Dike na Jami'ar Ibadan, aikin Maxwell Fry da Jane Drew a shekarun 1950, da suka yi wa fuskarsa tankaɗen kankare mai huji-huji.

Uwar_Littafi:
Hajiya, bulo mai huji ɗin nan mun gan shi a wani ajinmu. Haske da iska kam babu laifi. Amma ƙadangaru da tsuntsaye sun mayar da shi gidan haya, da hunturu kuma yara da kansu suke cusa kwali da tsumma suna toshewa. Ibadan ba ta san ƙurarmu ba.

Sani_Sola:
Kun ga dai har yanzu babu wanda ya kawo abin da ya fi ƙwai shida sauƙi.

Injiniya_Hadeja:
Sani, makarantu nawa ka sa wa sola da batirin ya kai shekara uku ba a sace ko ya mutu ba? Ba gatse nake ba, tambaya ce.

Sani_Sola:
Wannan kuma maganar mai gadi ce, ba ta sola ba.

Malam_Lissafi_Rano:
Ni damuwata ma'aunin ne. Idon da ke auna haske a waya an yi shi ne don ya daidaita hasken fuskar wayar, ba don bincike ba. Waya biyu a tebur ɗaya za su iya ba ka lamba biyu mabambanta, kuma in ka ɗan karkata ta lambar ta canza. In sashenku na da ma'aunin haske na gaske ka ara, ko ka gwada wayarka da shi ka san nawa take ƙari ko ragi. In babu, ka tsaya kan waya ɗaya, ka shimfiɗa ta a kan tebur, ka ja da baya kada inuwarka ko farar rigarka ta shiga lissafi. Ka zana layuka a ƙasa da alli, mita ɗaya-ɗaya, ka auna kowace mahaɗa. Kuma ka riƙa rubuta lokaci. Tsakar rana a nan ba sha biyu daidai ba ce, tana kaiwa wajen sha biyu da rabi, domin agogon Najeriya an ɗaura shi ne kan layin digiri 15 gabas, mu kuwa muna wajen 8 zuwa 9.

Ɗalibin_Zane:
Na gode Malam. Takardar aikin ta ce mu fitar da kason hasken waje, wato a raba na ciki da na waje a mayar kashi cikin ɗari, kuma kada ya gaza kashi 2. Amma an ce a auna lokacin da gajimare ya rufe sama gaba ɗaya. A watan Janairu a ina zan samo gajimare?

Hajiya_Mai_Zane:
Ka rubuta wannan tambayar a cikin rahotonka, da ni ke dubawa da ita kaɗai ta ba ka maki. Wannan awo a Ingila ya girma, inda sama ke wuni a lulluɓe. Hasken waje a irin wannan rana yana wajen laks 10,000, kashi 2 ɗinsa 200 ke nan. Ranarmu tsaye tana kusantar 100,000. Ranar da hazo ya yi kauri har kana iya kallon rana kamar faranti, ita ce mafi kusa da abin da suke nufi, ka auna a irinta ka faɗi abin da ka yi. Amma ka ƙara da awon safe, azahar da la'asar a ranar da sama ta washe, a nan ne ciwon ɗakin zai fito.

Baba_Magini_Gaya:
Wani abu kuma, da me ka gane gabas ɗin? In da masallacin makarantar ka gwada, ka sake. Mu magina muna cewa gabas muna nufin alƙibla.

Malam_Lissafi_Rano:
Baba ya yi gaskiya. Alƙibla daga nan ta karkata arewa da ainihin gabas da kamar digiri 20. Ka sa kamfas.

Ɗalibin_Zane:
Na dawo da labari. Da kamfas na duba, ginin bin alƙibla aka yi, Baba ka canka. Na auna gindin darbejiya da hantsi, yana yawo tsakanin 2,000 da 4,000, duk inda ka juya kusan ɗaya ne. Sannan na roƙi shugaban makaranta, ya ba ni yara shida muka sauke littattafan muka juya kantocin suka ba wa tagogi gefe. Mun sha ƙura, mun kuma tarar da gara ta cinye ƙasan ɗaya har ta fara hawa littattafan Hausa. Bayan juyawar, tsakiyar ɗaki ta haura 400 da tagogin yamma kaɗai a buɗe da safe. Ko sisi ba a kashe ba sai kuɗin ƙosai da na saya wa yaran.

Amma ga abin da ban lura da shi ba sai jiya. Maza ne kawai ke fita gindin bishiya. 'Yan matan ba sa fita, domin bishiyar na bakin hanyar da 'yan acaɓa ke tsayawa. Su ne ke zama a duhun nan tun farko, a lungun arewa, suna kara littafi kusa da fuska.

Uwar_Littafi:
Ai da ka tambaye ni da na gaya maka tun ranar farko. Ɗana, ka sa wannan a shafin farko, ba a ƙarshe ba.

Akitek_Dutse:
Madalla. Yanzu shawararka ta yi sauƙi: farin fenti a bango da silin, baranda ko layin bishiya ta yamma, da siririyar taga mai gilashi can sama ƙarƙashin silin wadda ba a buɗewa, don ko an rufe na ƙarfen saboda ƙura a samu haske. Ka yi samfurin ɗakin da kwali ka fita da shi rana ka leƙa ta ciki kafin ka taɓa kwamfuta.

Injiniya_Hadeja:
Gilashin da ke can sama wa zai riƙa goge shi? Wata biyu na hunturu ya ishe shi ya koma bango.

Gardi_Mai_Allo:
Ni da za a ji tawa, a kafa rumfa a bayan ɗakin ta ɓangaren da babu hanya, a zagaye da zana, 'yan matan su ma su samu gindin bishiyarsu.

Zannah_Tarihi:
Ɗalibi, in ka gama da wannan, akwai tsohon soro a gidanmu a Garko, har yanzu azararsa lafiya lau. Ka zo da wayar taka mu raba gardama da Injiniya.

Injiniya_Hadeja:
Ku sa rana, ni zan kawo ma'auni na gaske. Amma ban da ranar Juma'a, ina cin kasuwar Wudil.